Tabawa Ungozoma da Kogin da Ke Hawa Dutse

A can baya, tun ba a toshe ƙofofin da ke tsakanin mutane da aljannu ba, an yi wata ungozoma a garin Kwarin Gwanki, sunanta Tabawa. Shekara talatin da 'yan kai tana karɓar haihuwa, rabin garin ita ta yanke musu cibiya. In naƙuda ta yi gardama, da an ce ga Tabawa ta shigo, sai hankalin kowa ya kwanta.

'Ya ɗaya tak ta haifa, Hansai. Da yake 'yar fari ce, Tabawa ba ta taɓa kama sunanta ba saboda alkunya. "Ke yarinya" kawai take ce mata, har ta girma ta yi aure ta yi ciki. Ranar da naƙuda ta kama Hansai, sai ɗan ya ƙi saukowa. Kwana uku tana kan gwiwa. Babu dabarar da Tabawa ba ta yi ba, babu sunan Allah da ta sani wanda ba ta kira ba, har muryarta ta dushe. Da hantsin rana ta uku Hansai ta cika a hannunta, da ita da abin da ke cikinta.

Tabawa ba ta yi kuka ba, amma tun daga ranar zama ya gagare ta. Ta shiga ɗaki ta fito, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta nufi rijiya ta dawo da tulu babu ruwa. Mijinta Nomau, wanda ɓarin jikinsa ya shanye shekara huɗu da suka wuce, sai dai ya bi ta da ido daga kan tabarmarsa. Ita ke ɗaga shi, ita ke juya shi, ita ke yi masa komai. Wata tambaya ce ta shiga ƙirjinta ta ƙi fita: da nake ta kira kwana uku, akwai mai ji kuwa, ko da rufin ɗaki nake magana? Sau ɗaya ta ɗan gutsura wa liman zancen, ya ce ta yi istigfari. Ta yi, ta kuma, tambayar tana nan inda take.

Ran nan da rana tsaka, ta ajiye wa Nomau ƙwaryar kunu ta gefen hannunsa mai lafiya, ƙafafunta suka ja ta bayan gari ba tare da ta san inda za ta ba. Tana isa gindin wata tsohuwar tsamiya sai ta ji ƙara, kututturen ya tsage gida biyu kamar ƙofa. Wani dogo ya sunkuyo ya fito, tsawonsa ya kusa na giginya, idanunsa a tsage suke daga sama zuwa ƙasa, ƙafafunsa kofato.

Ya ce, "Aminci ya tabbata gare ki, ya ke 'yar Adam. Ni ne Shamruƙu, daga aljannun ƙarƙashin tsamiya. Matata Rumaza yau kwana bakwai tana naƙuda, ungozomominmu duk sun gaza. An ce mini babu hannu irin naki. Ki zo ki cece ta, in cika miki ɗakinki da zinariya."

Da a da ne, da Tabawa ta suma. Yanzu kuwa babu sauran abin da take tsoro. Ta ce, "Ranka ya daɗe, an yi maka ƙarya. Hannun nan tawa 'yar ma bai cece ta ba. Zinariya kuma ban san abin da zan yi da ita ba."

Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya. Ta ce, "Amma ku da kuke yawo tsakanin sama da ƙasa, akwai abin da za ku iya yi mini. In na karɓi haihuwar nan, ka kai ni inda zan gani da idona ko akwai Allah. In akwai Shi, in ga yadda Yake."

Aljanin ya ja da baya, har ganyen tsamiya ya zubo. Ya ce, "Kin nemi abin da ya fi ƙarfin fukafukaina. Ni ban gan Shi ba, ubana bai gan Shi ba. Sai dai na san hanyar da masu irin tambayarki suke bi, zan raka ki har inda ƙafata ta tsaya. Amma ki sani, ƙofar nan tana rufewa da faɗuwar rana, ba ta sake buɗewa sai bayan shekara arba'in."

Tabawa ta tuna Nomau da ƙwaryar kununsa. Ta ɗaga kai ta dubi rana, ta ce, "Mu je, kada mu ɓata lokaci."

Suka shiga. Birnin aljannun a rataye yake, gidajensa suna lilo a jikin saiwoyi kamar sheƙar tsuntsun kabare. Ranar duniya tana nan a sama, amma kamar ana hango ta daga ƙarƙashin ruwa. Tun daga ƙofar ɗakin mai naƙuda zafi ya daki fuskar Tabawa, domin jikin Rumaza huci yake kamar maƙera. Ta durƙusa ta ɗora hannu a kan cikin, nan take ta gane ɗan a gicciye yake.

Ta ce, "A kawo mini man kaɗanya da ruwan randa."

Kafin ta rufe baki an kawo. Ta shafe hannuwanta har gwiwar hannu, ta tsoma su a ruwa, ta sa su ciki. Azabar da ta ji ba ta faɗuwa. Ta cije leɓe, ta laluba ta kamo kafaɗar ɗan, ta rinƙa juya shi a hankali. Rumaza tana ta ihu, "Ya Allah! Ya Allah!" da irin muryar da Hansai ta yi ta yi, har Tabawa ta ji kamar ta toshe kunne. Can sai ɗan ya faɗo yana tartsatsi, ya canyara kuka. Birnin duka ya ɗauki guɗa.

Tabawa ta dubi hannuwanta, fatar duk ta saɓule. Ta naɗe su da tsumma, ta matsa kusa da mai jego ta ce, "Ranki ya daɗe, wanda kike ta kira ɗazu, kin taɓa ganin Sa?"

Rumaza ta ce, "Ban taɓa ba, ya ke mai albarkar hannu. Amma ga shi Ya aiko mini ke."

Tabawa ta ce, "Mijinki ne ya je ya kira ni. In kuwa aiko ni aka yi, me ya hana a aiko wa tawa 'yar da wani?"

Rumaza ta sunkuyar da kai, ta ce, "Wannan ban san amsarsa ba."

Tabawa ta miƙe ta ce wa Shamruƙu, "Na cika nawa. Saura naka."

Ya ɗora ta a kafaɗa ya tashi sama. Suka ƙetare wani daji wanda itatuwansa ke miƙo rassa suna kai musu cizo, suka bi ta tsakanin wasu duwatsu biyu da ke karo da juna kamar raguna, har gefen zanenta ya maƙale ya yage. Rana ta ɗan goce daga tsaka suka sauka a wata kasuwa mai faɗi, wadda hayaniyarta ta cika sama.

Shamruƙu ya ce, "Wannan ita ce Kasuwar Siffofi. Duk mai rumfa a nan cewa yake ya san kamannin wanda kike nema. Ki saurara, amma kada ki yarda a ba ki rumfa."

Mai rumfar farko wani maƙerin aljannu ne mai ƙirji kamar bango. Ya daka mata kira, "Zo nan, baƙuwa! Maƙeri ne Shi, mu duka ƙarfe ne a hannunSa, dukan da kike sha gyara ne." Na kusa da shi wani tsohon zaki ne, ya yi gurnani ya ce, "Ƙarya yake! Geza gare Shi da farata, mai ƙarfi kaɗai Yake so." Gaba kaɗan ga wata tururuwa mai girman akuya tana cewa ba Ya hutawa, kullum tara hatsi Yake. Wani alƙali mai jan ido yana kaɗa bulala, yana rantsuwa cewa da irinta a hannunSa. Kowa na zagin maƙwabcinsa, wasu har da jifa. Tabawa tana tafe tana lura, sai ta ga kowane mai rumfa abin da yake siffantawa da shi kansa yake kama, girma kawai ya ƙara masa.

Sai ga sarkin kasuwar ya tare ta, wani gajere mai fuska a gaba da fuska a ƙeya. Ya miƙo mata tasa cike da ruwa, ya ce, "Maraba da mai doguwar tafiya. Kada ki wahalar da kanki da na wasu. Dubi nan, abin da kika gani shi ne gaskiya, mu ba ki rumfa ki zauna ki sanar da halitta."

Shamruƙu ya yi mata gyaran murya, amma ta riga ta leƙa. A cikin ruwan ta ga wata ƙatuwar tsohuwa, kanta na taɓa gajimare, aska a hannunta, tana gudu tana haki. Ta isa wata ƙofa, ta tarar an riga an lulluɓe gawa. Ta juya ta ruga wata ƙofar, nan ma ta makara. Tabawa ta ji zuciyarta ta ce, lallai haka Yake, ungozoma ce da ba ta zuwa a kan lokaci. Tana faɗar haka a ranta ta ji ƙafafunta sun fara nutsewa a ƙasa, ga wata rumfa tana tsirowa a kanta. Sai tsohuwar cikin ruwan ta waiwayo. Tabawa ta ga tsagar da ke kumatunta, ta ga giɓin haƙorinta.

Ta ce, "Wannan ai ni ce! Ni na makara, ni na kasa. Ban baro mijina a kwance don in zo in kalli fuskata ba."

Ta kifar da tasar. Kasuwa ta yamutse, zakin ya zaburo, alƙalin ya kawo mata bulala. Shamruƙu ya fizge ta daga ƙasa, takalminta ɗaya ya tsaya a wurin, ya yi sama da ita.

Ba su yi nisa ba fukafukansa suka yi nauyi, dole ya sauka. Gabansu wani fako ne na farar kanwa, babu itace, babu tsuntsu, iska ma ba ta motsi. Ya ce, "Nan ba a tashi, sai da ƙafa." Suka shiga. Kanwar tana cin ƙafarta marar takalmi. Ko'ina duwatsu ne birjik, kowanne da siffar mutum a zaune, wasu sun yi tagumi, wasu sun miƙe ƙafa. A tsakiyar fakon suka tarar da wani ƙato yana jingine da tudu, fukafukansa sun ƙone saura ƙasusuwa. Muryarsa kuwa mai sanyi ce, mai ladabi.

Ya ce, "Sannu da hanya, uwata. Sunana Ƙurzanu. Na san abin da ya fito da ke, domin shi ya taɓa fito da ni. Ina da 'ya'ya tara, annoba ta kwashe su a wata guda. Na rantse sai na je na tambayi dalili. Na tashi sama shekara ɗari uku, na wuce gajimare, na wuce wata, na wuce taurari har zafinsu ya cinye mini fukafukai. Kin san abin da na tarar? Duhu da sanyi. Na yi kira, ko amsa-kuwwa ban ji ba. Babu kowa, uwata."

Tabawa ta ƙura masa ido. Wannan bai yi kama da 'yan kasuwa ba. Ba ya ihu, ba ya neman komai a wurinta, kuma ya san irin ciwon da take ji.

Ta ce, "In babu kowa, wa zan tambaya zancen yarinyar nan?"

Ya ce, "Ba kowa. Hutun ke nan. Ba wanda ya ƙi ki, ba wanda ya yi miki shiru. Ɗa ya kwanta a gicciye, uwa ta gaji, shi ke nan. Dubi waɗannan duwatsun, mutane ne, duk da wuta a ƙirji suka zo. Suka zauna, wutar ta mutu. Zauna ki huta, kin sha tafiya."

Rabon Tabawa da zama na gaske tun ranar da aka binne Hansai. Ta dubi ƙasa, ta ga wani ɗan gurbi daidai ita. Ta fara lanƙwasa gwiwa. Shamruƙu ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu. Tana cikin sunkuyawa sai ta lura da wani abu: tunda suka fara magana, Ƙurzanu bai yi numfashi uku a jere ba tare da ya saci kallon sama ba.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, su waɗannan sun zauna sun zama dutse. Kai me ya hana ka zama? Kuma me kake ta dubawa a sama?"

Ƙaton ya sauke idonsa ƙasa. Ya ce, "Sabo ne."

"Sabo kawai?"

Ya kau da kai. "Wani lokaci nakan ce, da na ƙara shekara ɗaya a tafiyar, ko da na tarar da wani abu. Ban yi miki ƙarya ba, abin da na gani na faɗa miki. Amma iyakar inda fukafukaina suka kai ni na gani."

Tabawa ta miƙe tsaye, ƙashin bayanta na ƙara. Ta ce, "Na gode da ka faɗi gaskiya. Hutun nan naka ina son sa, wallahi ina son sa. Amma kai da kake rabawa ba ka samu ba. Sai wata rana."

Ya ce, "In kin tarar da wani abu, ki aiko mini."

Suka wuce. Sanda suka fita daga fakon la'asar ta yi sakaliya, tafin ƙafarta ya tsattsage yana jini. Sai ta fara jin wani irin gunji daga nesa, kamar taron mutane dubu suna magana lokaci guda. Suka ɓullo bakin wani kogi wanda ba a hango ɗaya gaɓar. Abin mamaki, ruwan ba gangara yake ba, hawa yake yi, yana bin jikin wani dutse da ƙwanƙolinsa ya ɓace a cikin haske. A bakin gaɓa ga kwalekwale, a ciki wata tsohuwa tana riƙe da gora. Ba ta da idanu ko alamarsu, sai kunnuwa masu faɗin faifai.

Shamruƙu ya ce, "Nan ƙafata ta tsaya. Jinsin wuta ba ya hawa ruwan nan. Zan jira ki, amma dubi rana."

Tsohuwar ta ce, "Shigo, 'yar Adam, na ji takunki tun daga fako. Wannan Kogin Muryoyi ne. Duk kiran da wani mai rai ya yi a cikin ƙunci ko murna, nan yake zubowa. Sharaɗina ɗaya: kome kika ji, kada ki sa hannu a ruwa."

Tabawa ta shiga, kogin ya ɗauke su ya yi sama. Muryoyi suka kewaye ta ta ko'ina. Ga manomi yana roƙon ruwan sama, ga matafiyi da ya ɓata a daji, ga kukan akuya da kura ta kama, ga harsunan da ba ta taɓa ji ba. Har da masu zagi, har da masu cewa, in kana nan ka nuna kanka. Can sai ta ji tata muryar, a dushe, tana jera sunayen Allah.

Ta ce, "Iya, ashe ba a rufin ɗaki ta tsaya ba."

Tsohuwar ta ce, "Babu wadda ke tsayawa a rufin ɗaki."

Suna cikin tafiya wata siririyar murya ta taso dab da gefen kwalekwalen. Tabawa ta gane ta tun kafin ta gane kalmomin. Hansai ce, a lokacin da leɓunanta ke motsi ba a jin abin da take faɗa. Cewa take, "Ya Allah, na gaji. In tafiyar ce na yarda. Amma Inna za ta ce laifinta ne. Ba laifinta ba ne. Ka riƙe mini ita, ba ta da kowa sai Baba, shi kuma ba ya iya tashi."

Tabawa ta manta da sharaɗi, ta zunduma hannuwa biyu cikin ruwa. Muryar ta sulale ta tsakanin yatsunta ta yi gaba. Kwalekwalen ya karkata, ruwa ya fara shiga, kogin ya yi wata irin ƙara. Tsohuwar ta maka mata gora a kafaɗa, ta janyo ta da ƙarfi, ta ce, "Ba taki ba ce! Ba ke aka aika wa ba. Albarkacin wahalarki kawai aka bari kika ji."

Da ƙyar ta daidaita jirgin, ta kafa gora a jikin dutse ta tsayar da shi. Gabansu dutsen ya tsage, ruwan duka yana shigewa ta tsagar, haske na fitowa daga ciki wanda ya sa Tabawa ta rufe ido da damtse.

Tsohuwar ta ce, "Iyakata ke nan. Tun kafin a haifi kakan kakanninki nake fito a nan, ban taɓa wuce wannan wuri ba."

Sai wani abu ya fashe a ƙirjin Tabawa. Ta miƙe tsaye cikin kwalekwalen, ta fuskanci hasken, ta kwarma ihu da sunan da ba ta taɓa furtawa ba tun ranar suna. "Hansai! Hansai ce sunanta! Ita kaɗai Ka ba ni! Na karɓi 'ya'yan mutane ɗari-ɗari, na karɓi ɗan aljani yau da hannuna ya ƙone, tawa ɗaya Ka kasa bar mini? Kwana uku ina kiran Ka! Me na yi Maka? Me ta yi Maka?" Ta yi ta faɗa har numfashinta ya ƙare, sannan kukan da ya ƙi zuwa tun ranar mutuwar ya zo mata gaba ɗaya. Tana kallo kalmominta suka faɗa ruwa, suka bi sauran, suka shige ta tsagar. Ta kasa kunne. Babu amsa, sai gunjin kogi.

Da ta lafa, tsohuwar ta ce, "'Yar Adam, ce mini aka yi kin zo tambaya ko akwai wani a can. Da wa kike faɗa yanzu?"

Tabawa ta share hawayenta. Can ta ce, "To yaya Yake, Iya? Ke da kika daɗe a ƙofa."

"Ban sani ba. Duk wanda ya ce miki ya sani, rumfa gare shi a kasuwa. Abin da kunnena ya shaida shi zan faɗa miki. Kogin nan bai taɓa cika ya yi ambaliya ba, kuma ba a taɓa koro murya ɗaya ta dawo ba. Ta sarki ta shiga, ta akuya ta shiga, ta mai zagi ta shiga, taki ma ga ta nan ta shiga. Abin da ake yi da su a ciki, wannan ya fi ƙarfina. In kina son gani, faɗa ruwan ya wuce da ke. Sai dai ba wanda ya taɓa dawowa ya ba ni labari."

Tabawa ta dubi tsagar. Taku ɗaya ne. Hansai ta bi ta nan, ko aƙalla muryarta ta bi. Ta ɗora ƙafa a bakin kwalekwalen. Sai ta waiwaya ƙasa, ta hango rana ta yi ja, ta kusa taɓa bakin fakon kanwa. Wa zai juya Nomau in ta tafi? Yarinyar da ke bakin mutuwa ma ta tuna ba ya iya tashi.

Ta sauke ƙafarta. Ta ce, "Mayar da ni, Iya. Da sauri."

Tsohuwar ta zare gora, kwalekwalen ya sulalo kamar an harba kibiya. Shamruƙu ya saɓe ta ya zagaye fakon ta wata doguwar hanya, yana tashi har fukafukansa na hayaƙi. Suna wucewa ta gefe Tabawa ta ɗaga murya ta ce, "Ƙurzanu! Ban gani ba, amma akwai kogi a gabanka!" Ba ta sani ba ko ya ji. Suka wuce kasuwa, suka wuce duwatsu masu karo, suka keta birnin da ke rataye ba su tsaya ba. Sanda suka iso, tsagar tsamiya saura faɗin kafaɗa. Shamruƙu ya tura ta da ƙarfi, ta faɗo waje ta ci da ka, itacen ya haɗe a bayanta ya datse bakin mayafinta.

Ta tarar da Nomau a bakin zaure, ya jawo jiki da hannu ɗaya tun daga ɗaki, gwiwarsa duk ta goge. Da ya gan ta ya fashe da kuka, ya ce, "Na ɗauka rijiya kika faɗa." Ta ciccibe shi da ƙonannun hannuwanta ta mayar da shi ɗaki, ta zauna kusa da shi ta ba shi labari tun daga farko. Da ta zo kan maganar Hansai, suka yi kukan tare.

Tabawa ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Hannuwanta sun warke da tabo, ta koma karɓar haihuwa, wasu su rayu, wasu su tafi. Hankalinta bai taɓa kwanciya duka ba. Mutane sukan gamu da ita a hanya tana tafe tana magana ita kaɗai, wani lokaci kamar mai roƙo, wani lokaci kamar mai rigima, har wasu suka ce ta taɓu.

A shekararta ta ƙarshe, wata matashiya mai suna Ige ta rasa jaririnta kwana biyu da haihuwa. Bayan masu gaisuwa sun watse, ta riƙe zanen Tabawa, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Inna, don girman Allah kada ki gaya wa kowa. Na roƙa, na roƙa. Anya akwai mai ji?"

Tabawa ba ta ce mata ta yi shiru ba. Ta tura ƙofa, ta zauna a bakin gadon, ta kama hannunta.

Ta ce, "Ni dai ban gan Shi ba, 'yata, kuma na je nesa. Amma faɗa Masa. Duk abin da ke ranki, har da fushin, kada ki rage komai. Fara, ina nan tare da ke. In kin gaji ni ma ina da sauran tawa maganar."